Mai Lodin da Ya Haddace Hanya

Ma'ajiyar kayan da nake aiki tana da ƙofofi shida, kowace da bakin da babbar mota ke juyo baya ta tsaya a yi mata lodi. Ni ke tuƙa 'yar motar ɗaga kaya, in kai wa kowace ƙofa rabonta, saboda haka na san kowa da halinsa, har wanda ke ɓoye silifa a bayan kwalayen sabulu. Ƙofa ta huɗu ta Sannu-Sannu ce. Shekararsa ashirin da biyu yana lodi a wurin. Mu muka laƙaba masa sunan, shi kuma ya karɓa yadda yake karɓar kwali, da hannu biyu.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, idanunsa kullum kamar suna kallon wani abu a bayan bango. Idan mota ta tsaya aka buɗe ta, ba ya taɓa kaya sai ya shiga cikinta tana wayam, ya dafa bangonta, ya rufe ido. Nakan ja birki in ce, "Yaya, an fara mafarkin ne, ko in je in dawo?" Sai ya ce, "Ina kan hanya, kada ka danna mini hon."

Abin dariyar, hanyar nan bai taɓa binta ba. A bakin direbobi ya koye ta. Akwai wani dogon benci a gefen ƙofarsa inda suke zama su sha shayi kafin a gama musu lodi, shi kuma yana aiki yana jefa musu tambaya. Bayan gidan mai, titin hagu ya karkata ko dama? Gadar nan, sau nawa taya ke bugawa? Da haka ya gina hanyar a kansa: hawan da mota ke nishi, kwanar da ke watsa kaya dama, gada mai bugu uku, sai wani dogon fili kafin sito na ƙarshe. A filin nan ya shuka itatuwa jere hagu da dama, masu inuwa har tsakiyar titi. Na tambayi Dogo, direban da ya fi bin hanyar, ya ce shi dai ko ciyawar kirki bai taɓa gani a wurin ba. Muka bar wa mutum gonarsa.

Da wannan hanya ta cikin kai yake jera kaya. Buhuna masu laushi a bangon dama saboda kwanar. Jarkokin mai a ƙasa, can gaba, saboda hawan. Kwalayen tangaran a tsakiya, an rungume su ta kowane gefe kamar jariri a taron mata. Abin da za a fara saukewa shi ne ƙarshen shiga. Idan ya gama, sai ya ciro alli daga bayan kunne ya zana ɗan tsuntsu a jikin kwalin ƙarshe. Na taɓa tambayarsa na mene ne, ya ce, "Wani ai ya kamata ya raka su." A shekarun nan duka, ko murfin kofi bai taɓa fashewa a lodinsa ba.

Sai aka kawo mana sabon manaja. Kwana biyu muka sa masa Agogo, don ko gaisuwa kake yi masa, wuyan hannunsa yake amsa wa. Ya kafa allon lantarki a saman kowace ƙofa, mai ƙirga minti talatin baya-baya, in sun ƙare ya yi ja ya kama kuka. Ya kawo na'ura mai gaya wa mai lodi kwalin da zai ɗauka bi da bi, ba ruwanta da tangaran ne ko ƙarfe. Makullin banɗaki ya koma aljihunsa. Kowace safiya mu tsaya minti arba'in yana yi mana huɗuba a kan illar ɓata lokaci. Abin da ya umarta da hantsi, da azahar zai ce wane mara hankali ne ya faɗa. A mako na biyu ya sa aka ɗauke bencin, wai benci ne uwar hira. Ni aka sa na ɗauke shi, kuma ban taɓa ɗaga abu mara nauyi da ya yi mini nauyi haka ba.

Takardar gargaɗi ta farko ta sami Sannu-Sannu ne saboda allonsa ya yi ja sau tara a mako guda. Ya ce to, ya bi na'ura. Ya jera kaya yadda ta ce cikin minti ashirin da takwas, bai zana tsuntsu ba. Motar ta isa da kwali shida na tangaran sun zama tsakuwa. Takarda ta biyu ta zo, wai sakacin mai lodi. A wurinmu ta uku ita ce sallama, kowa ya san haka. Ya bi hanyarsa allo ya kama shi, ya bi na'ura kaya su fashe. Gaba kura, baya sayaki.

Ranar hutu na leƙa gidansa. Ɗaki biyu ne a bayan wani shagon walda, matarsa tela ce, kekenta a bakin taga. Tukwanen gidan nan an jera su manya a ƙasa, ƙanana a ciki, an cusa tsumma tsakani, kai ka ce gobe za a tashi da gidan a mota. Na same shi yana cin abinci a tsaye.

"Matar yaya, kujerun gidan nan haya ake ba da su?"

"Kai dai bakinka ba ya hutu," ta ce, ba ta ɗago daga ɗinki ba. "Tambayi yayanka. Ya ce in ya zauna, kunnensa ƙarar allon nan yake ji."

"Ba haka na ce ba," in ji shi.

"Haka ka ce. Da, in ya dawo, sai ya kwanta ya ba ni labarin inda motarsa ta kai. Yanzu ga ta a gada, yanzu ta shiga inuwa. Ni da ban taɓa fita garin nan ba, na san hanyar kamar layin kasuwa. Wata guda ke nan bai kai ni ko gidan mai ba."

Ya ajiye kwanon a hankali. "Hanyar ce ta ƙi zuwa," ya ce.

Ranar da abin ya zo, tangaran ne rabin mota, za a kai sito na ƙarshe, Dogo ne direba. Na kawo kaya na tarar da Sannu-Sannu a cikin motar, hannu a bango, ido rufe. Allo yana ta cin mintinsa. Na ce, "Yaya, Agogo na tafe." Bai motsa ba.

Manaja ya tsaya a bakin ƙofar. "Malam, barci muke biyanka?"

"Ranka ya daɗe, na kusa gada."

"Wace gada?"

"Mai bugu uku. In na bi na'urar nan, kwalayen da ke baya ba za su haye ta ba."

"Ka taɓa zuwa?"

"Ban taɓa ba."

Manaja ya yi dariyar da ba ta kai ido ba, ya juyo ya dube mu don mu taya shi. Ni na duƙufa duba tayar motata. Ya ce, "To, tunda ka fi na'ura sani, jera yadda ka ga dama. Amma ka hau motar ka bi kayanka, ka sauke da hannunka. Faranti ɗaya ya tsage, kada ka wahalar da kanka dawowa."

Shi a ganinsa hukunci ya yanke. Ni kuwa fuskar Sannu-Sannu nake kallo, ta yi wani irin haske kamar an buɗe taga a ɗakin da ya daɗe a kulle. Minti hamsin da biyu ya yi yana jeri, allon yana kuka har muryarsa ta zame mana kamar ta tsuntsun gida. Ya zana tsuntsunsa, ya mayar da allin bayan kunne, ya hau gaba kusa da Dogo da rana tsaka.

Sauran labarin daga bakin Dogo na ji. Ya ce kujerar motar nan ita ce abu na farko mai laushi da mutumin ya zauna a kai cikin wata biyu, ba su wuce shataletalen farko ba kansa ya langaɓe. Shekara ashirin da biyu yana jiran hanya, ta zo ta same shi yana minshari. Amma suna dosar hawan, sai Dogo ya ji ya ce cikin barci, "Sa giya ta biyu." Kafin kwanar, hannunsa na dama ya ɗago kamar mai tare buhu. Saura kaɗan gada ya ce, "Rage," sannan ya ƙirga da yatsa a kan gwiwa, ɗaya, biyu, uku, daidai da taya. Da suka shiga filin, Dogo ya miƙa hannu zai tashe shi, sai ya ga yana murmushi, rana na dukan fuskarsa amma shi kamar mai tafiya a inuwa. Ya janye hannunsa.

A sito na ƙarshe wata dattijuwa ce ke karɓar kaya. Aka buɗe mota, ta ga tsuntsu, ta dubi gajeren mutumin da ke murza ido. Ta ce, "Ashe kai ne. Ni duk na ɗauka dogo ne siriri." Suka buɗe kwalayen ɗaya bayan ɗaya, tana ƙwanƙwasa kowane faranti da farce, kowane yana amsawa garau. Sannan ta kai shi ɗan ofishinta. Bango guda cike da guntayen kwali da ta yi shekaru tana yankewa tana mannawa, tsuntsaye na alli, wasu sun dushe, duk suna kallon gefe ɗaya. Ta ce in ta ga tsuntsu, ranar ba ta neman tsintsiya. Dogo ya ce Sannu-Sannu ya daɗe a tsaye gaban bangon, sannan ya cire hularsa.

Washegari da za su dawo idonsa biyu. Ya ga gadar, ya ce ta fi ƙanƙanta a kan yadda ya zata. Amma ya roƙi Dogo ya gaya masa in sun kusa filin. Da aka gaya masa, ya rufe ido da kansa har suka wuce.

Da suka dawo, ya miƙa wa manaja takardar da dattijuwar ta sa wa hannu cewa kaya sun isa lafiya. Agogo ya karanta, ya duba wuyan hannunsa, ya ce, "Koma bakin aikinka." Takardun gargaɗin biyu suna nan a fayil, bencin bai dawo ba, sauran alluna biyar suna kukansu har yau. Na ƙofa ta huɗu ne kawai muka wayi gari ya mutu. Manaja ya ce lalacewa ya yi, za a kira mai gyara. Ni da nake wucewa ta bayansa sau talatin a rana, na ga wayar a zare take, an naɗe ta tsaf.

Jiya na tarar da Sannu-Sannu a cikin mota, hannu a bango. Na ja birki na ce, "Yaya, yaya itatuwan?"

Bai buɗe ido ba. "Sun ƙara girma," ya ce. "Matsa da motarka, kana tare mini inuwa."