Lambar sirrin da kowa ya sani

"Wa ya ɓata kwamfutar nan?" in ji Alhaji, shugaban ofishinmu a Faskari, idonshi a kaina.

Lokacin kuɗin mai na kwarara, aka sawo mana kwamfuta guda, aka damƙa mani ita. Ranar da na sa mata lambar sirri, Alhaji ya kira ni.

"Malam Sani, ɓarayi ka ɗauke mu? Mu da muke cin abinci kwano ɗaya? Faɗa wa kowa lambar."

Na faɗa, don ba a musu da babba. Sai kowa ya riƙa zuwa da memori ɗinshi. Wannan ya kwafi wa'azi, wancan waƙa, har surukin Alhaji daga Yargoje ya zo ɗibar fim. Ran nan bairos, cutar kwamfuta mai bin memori, ya cinye aikin wata da watanni.

Da Alhaji ya tsare ni da tambayar, na ce, "Alhaji, ai kai ka ce in ba kowa lambar."

"Ni na san kwamfuta? Kai aka ba amanarta."

Duk masu memori suka koma kan aikinsu. Ni kaɗai aka ba takardar gargaɗi.

Har yau abin na ci mani rai. A ofishinku wa ake kamawa, wanda ya kulle ƙofa ko wanda ya sa aka buɗe?