Telan da Ke Duba Tsakiyar Igiya

Kafin a buɗe shagunan layin, Baba Tela ya riga ya share ƙofarsa, ya ɗiga wa kekensa mai, yana ta kai da kawo. Zama bai taɓa karɓarsa ba. Yanzu ido ya gaza, zai ajiye almakashi, kuma bai kamata ya tafi shiru ba.

Shekarar da annoba ta kulle makarantu, matasan layin suka zube a ɗaki kamar tulin wanki. Barcin rana, latsa waya, faɗa da ƙanne. Iyaye sai zagi, zagi kuwa bai taɓa tayar da kowa ba. Shi Baba Tela yana ɗinkin takunkumin fuska, ƙyallaye na taruwa. Sai ya riƙa tufka su igiyar tsalle, yana jefawa ta katanga gida-gida. Sharaɗinsa ɗaya: a riƙa miƙo igiyar ya duba tsakiyarta, inda take dukan ƙasa.

"Baba, wallahi na yi tsalle," in ji wani da ake kira Dogo.

"Igiyar nan ta fi rigar ango haske. A kan katifa ka yi?"

Ta wata yarinya ce ta hana shi sukuni. Cutar ta ɗauke mahaifiyarta, ta daina magana, abinci ma sai kakarta ta yi hawaye take taɓawa. Igiyarta kullum fes take dawowa. Bai yi mata wa'azi ba. Ya tufka doguwa, ya ba kakar bakinta ɗaya a tsakar gida, shi ya riƙe ɗayan daga bakin ƙofa. Kowace safiya tsofaffi biyu suna juya igiya, ba kowa a ciki.

"Tela, kafaɗata za ta cire."

"Juya, Iya, ai na girme ki."

Wata safiya yarinyar ta ɗaga labule. "Kaka, ku biyun nan ba ku iya ba," ta ce. Ta faɗa cikin igiyar tana tsalle.

Baba Tela, kai ne ka gane cewa zuciyar yaro in ta kwanta, ta ƙafa ake tayar da ita. Allah ya saka maka. Ku kuma masu zagi daga kan kujera, ku tashi ku kama bakin igiya. Waccan doguwar tana rataye a shagonsa, tsakiyarta baƙa ƙirin, har ta tsinke.