Na'urar da Aka Maƙala wa Baba a Yatsa

Shekarar da ciwon ƙirji ya kwantar da Baba, kwana goma sha ɗaya ya yi a asibiti a Treichville, cikin Abidjan. Ranar da aka sallame shi, ƙanwata, wadda take aikin jinya a can, ta rako mu gida unguwar Bromakoté da wata 'yar na'ura a jakarta, ba ta fi kwalin ashana ba. Maƙala ta ake yi a yatsa, sai lamba ta fito.

Baba malami ne, ba ya yarda da abin da bai gane ba. Ya tura hannunsa cikin riga, ya ce sai an gaya masa abin da take aunawa.

A Abidjan aka haifi ƙanwata, Faransancinta ya fi Hausarta ƙarfi. Ta durƙusa gabansa ta ce, "Bon, Baba, in kun ja numfashi, oksijen yana shiga cikin... cikin..." Ta dafa ƙirjinta.

"Huhu," in ji Baba.

"Voilà, huhu!"

Haka suka yi ta yi, tana kawo bayani, yana ba ta kalma. Ta ce a huhu jini yake karɓar iskar nan mai kyau. Akwai jajayen ƙwayoyi a cikin jinin, su suke ɗaukarta, zuciya ta tura su har ɗan yatsan ƙafa. Can sai su sauke ta, jinin kuma ya kwaso gurɓatacciyar iskar da jiki ya fitar bayan ya yi aiki, ya mayar da ita huhu, mu fesar. Jinin da ya ƙoshi da iska ja ne jawur, wanda ya sauke kuwa ya fi duhu. Na'urar haske take turawa ta cikin yatsa, ta duba launin.

Baba ya ce, "Wato shekara saba'in jinina yana wannan dako, ban taɓa ce masa sannu ba?" Ya miƙo yatsa. Na'urar ta nuna casa'in da biyar cikin ɗari. Ƙanwata ta tafa, ta ce lafiya lau.

Kafin mako ya zagayo, dattawan da suke zuwa dubiya bayan la'asar sun mai da abin gasa. Wani abokin Baba mai sayar da takalma a kasuwar Roxy ya samu casa'in da tara, ya kwana uku yana tsokanar sauran.

Inna ce kaɗai ta ƙi. Ranar da ta yarda kuwa, ba ta daɗe da sa baƙin lalle ba. Na maƙala mata, lambar ta yi ta tsalle, ta tsaya tamanin da wani abu. Inna ta ɗauki salati. Ta kira matata, ta buɗe akwati ta fara raba zannuwanta, tana cewa a yafe mata. Nan take na buga wa ƙanwata waya.

"Yaya, tana haki?"

"A'a, magana take yi ba tsayawa."

"Akwai wani abu a yatsan?"

Da na ce baƙin lalle, sai na ji ta fashe da dariya. Ta ce yana iya tare hasken, in gwada ɗaya hannun. Allah ya sa Inna ba ta yi wa na dama ba saboda girki. Casa'in da takwas. Inna ta dubi lambar, ta dubi matata, ta ce, "To, 'yar nan, dawo mini da zannuwana." Baba ya yi dariya har tari ya kama shi.

Bayan mako uku ya ce da ƙafarsa zai je Juma'a. Na bi shi riƙe da darduma. Sau biyu muka tsaya ya huta, masu shaguna suna fitowa suna yi masa barka. Da muka dawo ya zauna a ƙofar gida, ya aike ni in sayo masa aceke, dambun rogon nan, da soyayyen kifi, ya cinye tas.