Gayaunar da Kakata Ta Ba da Aro

Haƙƙi ne a kan duk wanda aka ba aron ƙasa ya mayar da ita kamar yadda ya karɓa. A ƙauyukanmu akwai ƙarin sharaɗi da ba a rubuta ba: ba a dasa itace a gonar aro, domin wanda ya dasa itace ya kafa hujjar mallaka. Wannan haƙƙi ne makarantarmu ta tauye wa kakata. Abin ya dawo mini sabo ranar da 'yata ta dawo daga wata ziyara da wannan makarantar ta kai su, da ganyen itacen turare a aljihu, ta murza shi a hancina tana cewa, "Baba, daga dajin makarantarmu ne."

Ina ajin ƙarshe na firamare a Takur aka shirya kai mu ƙauye mu yi 'yan kwanaki, mu koyi kula da muhalli. Shugaban makaranta ya san mahaifiyata 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Miga, shi ya sa aka zaɓi can. Kakata ta wajen uwa tana da gayauna a bayan gari, ƙaramar gonar da ta gada, inda take shuka kuɓewa da yakuwa. Ita aka roƙa ta ba da aro don mu yi darasi a kai.

Farkon damina ne, ƙasa ta sha ruwan fari tana ƙamshi. Maza muka sauka a zauren mai unguwa, mata a gidan kakata. Da ta hango mu a jere, sai ta riƙe haɓa ta ce mini, "Maigida, ba ka kawo cefane ba, ka kwaso mini runduna?" Yara suka yi ta dariya, ni kuwa na ji ƙauyen duka nawa ne. Ta dama mana fura, ta yi mana tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewar gonar nan. Mun koyi haɗa taki da toka da kashin awaki, mun bambance aduwa da kurna da magarya. Ba zan musanta ba, darasi ne mai kyau.

A safiyar komawarmu mota ta zo da dashen turare a baƙaƙen ledoji. Aka ja igiya, aka ba kowane yaro nasa. Kakata ta iso da ƙwaryar irin kuɓewa, domin a zatonta mun gama za ta shuka. Ta tsaya a kaina ina haƙa.

"Maigida, wannan rami ya yi wa kuɓewa zurfi."

"Itace ne, Kaka. Malam ya ce zai hana hamada."

Ta dubi layukan da suka ratsa gonar tun daga kai har ƙarshe. Sannan ta matsa kusa da mai unguwa, ta rage murya. "Ranka ya daɗe, aro fa na bayar."

"Na sani, Iya," in ji shi. "Ki bari baƙi su tafi tukuna."

Kara ce ta rufe mata baki. Baƙinta ne, sun ci tuwonta, ga jikanta a tsakiyarsu yana murna. Ta koma gida da irinta. Baƙi suka tafi, amma kafin lokacin kaka aka zo aka kewaye wurin da waya, aka kafa allo mai sunan makaranta. Turare ya tashi, ya shanye damshin ƙasar, ko ciyawa ba ta yi a ƙarƙashinsa. Sai da na girma na fahimci abin da aka sa hannuwanmu suka yi.

Aikina a yau adana bayanai ne, na kuma san cewa abin da aka daɗe ana faɗa yakan zama kamar gaskiya. Kowace damina ana kai yara can ana gaya musu kyauta aka bayar. Kunya takan kama ni in na tuna cewa da sunan ilimi aka yi wannan, kuma ta dalilina aka san hanyar ƙauyen. Kakata tana nan da ranta, ganinta ya yi rauni, kuɓewa kuwa daga kasuwa ake sayo mata. Da 'yata ta kai mata ganyen nan, ta shinshina ta ce, "Kishiyata, kin je gonata ke nan."

Saboda haka ina roƙon hukumar makarantar da dattawan ƙauyen, cikin girmamawa, su zauna su binciki yadda aro ya koma mallaka, su saurari shaidun da suka rage. Ba na neman a sare ko itace ɗaya. Ina neman a cire allon, a tabbatar wa mai gona da gonarta da abin da ke kanta, sannan idan za a sake kai yara, a je ƙofarta a nemi izini tun tana iya amsawa da bakinta.