Kawu Bawa Mai Tsigar Gashin Dabbobi

Duk wanda ya taɓa kai dabba kasuwar Isa ya san Kawu Bawa. Shi ne dogon tsohon nan da zai yi maka sallama cikin mutunci, ya tambayi iyali, kafin ka amsa ya tsige gashi ɗaya daga bayan akuyarka ya ɗaga shi saitin rana. Gilashin da yake dubawa da shi ido ɗaya ne na karyayyen tabaraunsa. Ya ƙi sayen sabo, wai dama ido ɗaya yake rufewa in zai duba.

Ni 'yar ƙanwarsa ce, a gidansa na tashi, don haka ni na fi kowa shan karatun.

"Duba nan, Asabe, gashin gahiya na. Gindi baƙi, tsaka rawaya, tsini baƙi. Masana na ce ma wanga launi aguti, sunan wata dabba mai kama da gahiya can Kudancin Amurka. Kin gani?"

Ni dai gashi kawai nake gani. Jakin mai ruwan unguwarmu kuwa sau biyu yana harbinsa, amma bai daddara ba.

Da ya yi ritaya daga koyar da kimiyya a sakandare, sai ya samo ɓeraye wurin wani abokinsa mai bincike a Sakkwato. Ya ƙera musu keji da tsohuwar waya, yana haɗa mace da namiji, yana rubuta launin 'ya'yan da suka haifa. Inna Kulu, matarsa, ta kusa haɗiye zuciya.

"Malam, mutane na kashe kusu don shi bar masu gero, kai kana auna mashi da tiya?"

"Ba kusu ba na, Kulu, ɗalibai na."

"To ɗalibanka sun canye muna hurar gobe!"

Da ta ga magana ba ta ci ba, sai ta aro kyanwa a maƙwabta. Kawu ya dubi kyanwar nan mai zane-zane, ya yi mata wis-wis, ta matso, ya tsige mata gashi. "Allahu akbar! Kulu, ita ma aguti ta!" Kyanwa ta haura katanga, ko gidan masu ita ba ta koma ba.

To wannan duk dariya ce. Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne sunan da aka liƙa masa. Wai tsafi yake yi! Mutumin da ya koyar da 'ya'yan rabin garin nan, wanda bai taɓa rasa sahun farko ba! Aka ce gashin da yake tsiga na asiri ne, ɓerayen kuma aljanu ne. Muka aika da tuwo maƙwabta aka dawo mana da shi ko buɗewa ba a yi ba. Kuma kun san wanda ya fara ƙirƙiro zancen, Alhaji Sanda mai fatu ne, ba zan ɓoye ba. Na ce wa Kawu ya fita ya wanke kansa, ya ce shi ba shi da lokaci, baƙar ɓera na gab da haihuwa.

Sai ga maganar Jabbi. Alhaji Sanda ya ba wannan bawan Allah, makiyayi daga wajen Gangara, jar akuya kiwo. Ta haihu, Jabbi ya kawo ɗan akuya baƙi wuluk. Alhaji ya ce uwa ja, bunsuru ja, ina baƙi ya fito? Wato Jabbi ya musanya masa, tunda fatar ja ta fi daraja. Kun kuwa san abin da kalmar ɓarawo take jawo wa Bafulatani a ƙasar nan yanzu. Jabbi yana tsaye gaban mai unguwa, matasa sun fara taruwa.

Kawu ya ratso taron da keji a hannu. Mutane suka dare, ana a'uziyya.

"Ku duba cikin kejin nan. Uwa ruwan ƙasa, uba ruwan ƙasa, ga ɗansu baƙi. Wa ya musanya min shi? Jabbi?" Ya juya. "Alhaji, uwar akuyarka wane launi gare ta?"

Alhaji ya yi ta gyaran hula. Daga baya aka ji muryar wani dillalin awaki: "Baƙa ta, ni nas sai mashi ita."

"Jabbi, bunsurun hwa?"

"Ubanai baƙi na, Malam."

"To shi ke nan. Baƙi ɓoyewa yaka yi bayan ja, sai ya samu ɗan'uwanai ta wajen uwa da ta wajen uba shi hito. Ikon Allah na, ba sata ba."

Don a ƙara gani ya buɗe kejin, baƙin ɓeran ya yi tsalle ya shige babbar rigar Alhaji. Wallahi ban san mai tumbi haka yana iya hawa benci da tsalle ɗaya ba!

Jabbi ya koma gida lafiya. Kuna tsammani an nemi gafarar Kawu? Ina! Cewa aka yi ai ga shi nan, aljanin ma ya san wanda zai kama.

Ranar da Kawu ya rasu ina leƙe ta zaure, ina ƙirga waɗanda suka zo. Sahu ɗaya bai cika ba. Wasu suna tsaye nesa, suna jiran su ga wa zai fara matsowa. Na ji kamar in fita in kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Liman na shirin tayar da kabbara sai ga Jabbi, a ƙafa, ta hanyar Gangara da mota ma take tsoro, da mazan rugarsu kaf a bayansa. Suka ajiye sanduna, suka cika sahu uku. Sannan ne 'yan tsaye nesan suka sulalo, har da Alhaji, a can ƙarshe.

Jabbi ya bar wa Inna Kulu baƙar akuya. Jiya na kama Inna Kulu ta tsige wa akuyar gashi tana ɗagawa saitin rana da gilashin nan, hawaye na zuba.

Allah Ya jiƙanka, Kawu. Ka wanke bawan Allah a gaban mutane, Allah Ya wanke ka a gabanSa, Ya haskaka kabarinka. Amin.