Muryar da ta shigo waƙata ba sallama

"Dakata, mayar da ita baya," in ji Sadik.

Muna cikin motarsa a Utako, ni da shi da Bala mai jita, ina sa musu waƙar farko da na haɗa da kaina a ɗakina na Kurudu. Su sun daɗe a harkar kiɗa, ni kuwa sai na taso daga ofis nake ɗan taɓawa.

Bala ya riga ya ce ganga ta danne muryata, na kuma yarda. Sai Sadik ya ƙara sauti a wajen amshi.

"Wace ce wannan take bin ka ƙasa-ƙasa?"

Na kasa kunne. Muryar matata ce, Hafsa. Ashe ranar da nake ɗauka tana guga a falo, ƙofa a buɗe, tana bin waƙar.

Na ce, "Kuskure ne, zan goge."

Sadik ya ce, "In ka goge ka kashe waƙar, oga. Rage ganga, ka ɗago ta."

Da na koma gida na sa mata. Ta rufe fuska tana dariya, ta ce ita fa ba ta yarda duniya ta ji ta haka ba. Can kuma ta ce, "Wajen ƙarshen nan ban ja da kyau ba. Kunna abin naka mu sake."

Duk zamanmu ban san tana da murya haka ba. Ku fa, wa kuka taɓa ganowa a gidanku?