Gambar Kan Iyaka

Har yau in na ji ruwa yana ɗiga cikin ƙwarya a hankali, sai in ga kaina a ɗakin Iya, kakata, a gidanmu na Jibiya. Turawa ba su tafi ba tukuna a lokacin, gyaɗa tana tashe, manyan motoci suna gurnani a hanyar Maraɗi. Mu yara ba ruwanmu da wannan duka. In an ci tuwo an yi isha'i, sai mu tattaru gaban murhun Iya, mu miƙe ƙafafu. Da marka takan bar wutar tana ci a hankali don sanyi da sauro. A lungun ɗakin akwai wata tsohuwar tukunya mai huji a gindi, wadda take cikawa da tokar karan gero, ta zuba ruwa a kai, ruwan ya bi ta cikin tokar ya riƙa ɗiga cikin ƙwarya. Da ruwan tokar nan ake kaɗa miyar gidanmu. Ni kuwa yarinya ce mai yawan tunani, nakan ɗauka tukunyar ma sauraron tatsuniya take yi, tana amsawa ɗis, ɗis.

Babana shi ne ɗan farin Iya. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ban taɓa ganin ta dubi idonsa ba. In tana da magana da shi, sai ta ce da ɗayanmu, “Ku gaya wa mutumin can.” Haka kunyar ɗan fari take a wurin matan zamaninsu, Iya kuwa ta riƙe ta da ƙarfi.

Gonar kakanmu tana kan hanyar Riko, jigawa ce mai gangara. Da ya rasu aka raba ta biyu, tudu ya zama na Baba, gangare na ƙanensa, Baffa Ilu. Tsakaninsu akwai layin gamba da kakanmu ya dasa, mai kauri, wadda ake yanka a yi zana. A ranin shekarar da nake ba da labari Baba ya wahala ƙwarai. Ya roƙi Fulani suka zauna da shanunsu a gonarsa, ya yi ta jigilar takin gida a mangala har jakinmu ya yi gyambo a baya. Da damina ta ƙarato ya dubi gambar nan ya ce tana cinye masa wuri, ya sa gatari ya tuge ta har saiwa, ya ƙara kunyoyin gyaɗa a gurbinta.

Aka yi ruwa mai ƙarfi, aka sake yi. Kafin a gama noman biyu, hatsin Baba ya yi ruwan ɗorawa, ya tsaya kamar maraya. Na Baffa, wanda bai kai ko mangala ɗaya ba, ya yi kore har yana baƙi, ganyensa kamar an shafa masa mai. Mutane suka samu abin dariya. A kasuwa wani ya ce da Baba, “Sannu da zumunci, ka yi wa ƙanenka taki.”

Ranar da abin ya fashe ni na kai musu fura gona. Tun daga nesa na ji muryar Baba yana cewa rabin hatsin gangare nasa ne, ko an yi masa asiri ne ko an kwashe masa taki da hannu. Baffa mutum ne mai baki, ya yi dariya ya ce, “To, Yaya, ka kira kashin shanunka da suna, in ya amsa ka tahi da shi.” Ban ga lokacin da Baba ya ɗaga fartanya ba. Ƙarar kawai na ji, kamar an fasa duma. Ƙotar ta sami Baffa a saman kunne, fata ta tsage, jini ya rufe masa rabin fuska. Ya faɗi, ya tashi, ya rungumi Baba suka zube cikin gyaɗa suna naushin juna, Baffa ya ciji hannun Baba har ya cire tsoka. Ƙwaryar fura ta suɓuce mini. Maƙwabtan gona suka sheƙo suka raba su da ƙyar. Ana jan Baba yana rantsuwa gobe da safe zai sare hatsin nan kaf, kada kowa ya ci. Baffa yana tofar da jini ya ce duk wanda ya shiga gonarsa da ƙarfe, a makara za a fito da shi.

Daren nan ba wanda ya ci tuwon kirki. Baba ya zauna a rumfar da ke jikin ɗakin Iya, hannunsa ɗaure da tsumma, yana wasa adda a kan dutse. Zana ce kawai tsakaninmu da shi. Mun ɗauka ba za a yi tatsuniya ba, sai Iya ta gyara itace a murhu ta dube ni.

“Ƙawata, mi ya same ki kika yi tsuru kamar kazar da aka jiƙa? Matso. Ga ta nan, ta taho daga gona da laka a ƙafarta.”

“Ta shigo mu ji ta,” muka amsa, murya ƙasa-ƙasa.

Ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba. Ta ce wata mace ce da ’ya’yanta biyu, Na-Tudu da Na-Gangare, da gamba a tsakanin gonakinsu. Wata rana Na-Tudu ya zo da gatari. Gamba ta ce, “Bari ni, bawan Allah. Ni ce ɗamarar gonarka. In ka kwance ni, zanenta zai faɗi.” Ya ce ciyawa ba ta koya masa noma, ya tuge ta ya cinna mata wuta. Ya zuba taki, ruwa ya zo ya kai wa ƙanensa. Ya yanka bijiminsa a tsakiyar gona ya ce ƙasa ta sha jini ta ƙoshi, ruwa ya zo ya wanke jinin ya kai gangare. Ya fusata, ya sare hatsin ƙanensa tun yana ɗanye, karan ya ruɓe a wurin, da shekara ta kewayo hatsin gangare ya fi na bara tsawo.

Ƙanena Sule, wanda Iya take kira angonta, ya ce, “Iya, ruwan ɓarawo ne?”

“Angona, ba ka da wayo, sakin ka zan yi. Tashi ka lashi tokar tukunyar can.”

Ya lasa ya ce lami ce, ba ta da ɗanɗano. Ta ce ya taɓa ruwan ƙwaryar. Ya taɓa ya yamutsa fuska, muka yi ’yar dariya ta farko a ranar.

“To, wa ya saci ɗanɗanon toka? Ƙwarya ta hau ta ɗauko? Zaune take, aka kawo mata. Abin da hatsi ke ci cikin taki narkewa yake kamar gishiri. In ruwa ya samu hanya, da shi zai tahi. Jigawa kuwa rariya ce, ba ta riƙe amana sai da saiwa da ruɓaɓɓen ganye.”

A bayan zana adda tana ta kuka a kan dutse, ba ta tsaya ba. Iya ta ci gaba, muryarta ta yi sanyi. Ta ce Na-Tudu ya laɓe cikin hatsi, ƙanensa ya sunkuya yana cire ciyawa, ya sara masa garma a ƙeya. Kai ya rabe biyu. Ya ja gawar a ƙasa har tudu, ƙafafun suna zana layi a cikin yashi, ya haƙa rami a tsakiyar gonarsa ya binne shi, ya ce, “Ka ci takina, yau kai ne takin.” Sule ya cusa kansa a cinyata. Ni kuwa ina ganin fuskar Baffa ne, rabinta ja.

Sai ruwa ya zo, in ji Iya, irin wanda ba a taɓa gani ba. Ya fara da ɗan layin da ƙafafun gawa suka zana, ya mai da shi hanya, ya mai da hanya kwazazzabo. Ya tone ramin, ya kwashi ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya ya mayar da su gangare, gonar mai su. Na-Tudu ya fito cikin ruwan yana ihu a mayar masa da takinsa. Ƙasa ta zabge ƙarƙashin ƙafarsa. Ruwa ya ja shi, yashi ya cika masa baki, duwatsu suna fasa masa haƙarƙari. Da ya iso kan iyaka ya miƙa hannu inda ya san akwai gamba. Ya damƙi laka, ya sake damƙa, laka. Ko tsinke ɗaya bai bar wa kansa ba.

Tukunya ta ɗiga. Ban san abin da ya sa na yi tambayar ba, ta fito ne kawai.

“Iya, uwarsu fa? Me ya sa ba ta hana shi ba?”

Ta tura itace cikin wuta. Sannan ta ce, “Na-Tudu ɗan fari ne, ƙawata. Ba ta da bakin yi mashi magana. Tana ji yana wasa ƙarfe, tana zaune. Ta wayi gari da gona biyu, ba ɗa ko ɗaya.”

A nan kukan adda ya tsaya. Muka jira ta rufe yadda ta saba, sai ta ce, “Ƙurunƙus. Kan kusu yau ba mai ci, ku tashi ku kwanta.”

Da na ce tatsuniyar ta gama aikin a daren nan, da na yi ƙarya. Da gari ya waye Baba ya ɗauki addarsa ya fita, bai kula kowa ba. Innata tana kuka a madafa. Ɗakin Iya kuwa ba kowa, tun bayan sallar asuba ta fice. Na bi sawun Baba a guje.

Na sami Iya zaune a kan iyaka, daidai inda gambar take a da, ta juya wa tudu baya, tana tsinkar yakuwa a faifai kamar a tsakar gida take. Baffa yana ƙasa da ita kaɗan, kansa naɗe da ƙyalle, gatari a kafaɗa. Baba ya gangaro ta gefenta ya faɗa wa hatsin farko da sara. Karan ɗanye ne, ruwansa yana fantsama, zangarniyar da ba ta nuna ba tana faɗuwa. Baffa ya sauke gatari daga kafaɗa ya taho.

Baba ya ja da baya don ya gyara tsayuwa, sai ƙafarsa ta faɗa cikin wata zaizaya da ruwa ya yanka tsakanin kunyoyin gyaɗarsa, ya zube har gwiwa. Ya kai hannu don ya kama wani abu, babu, sai bakin zanen Iya. Ya tsaya a durƙushe. A cikin zaizayar, ga kashin awakinmu nan baƙi-baƙi, ga buntu da tokar gidanmu, sun yi layi a kan farin yashi daga tsakiyar gonarsa har cikin hatsin Baffa. Shi ya ɗora su a kan jaki da hannunsa, ya san su.

Iya ba ta waiwaya ba. Ni ta kira.

“Ƙawata, gaya wa mutumin nan ya sakar mini zane. Ki gaya mashi ruwa bai san ɗan fari ba. Shi kuma wancan mai bakin, ki ce ya ajiye gatarin ubansa, ba don wuyan mutum aka ƙera shi ba.”

Ban faɗi ko ɗaya ba, sun ji. Baffa ya tsaya yana huci, gatarin ya yi ƙasa a hankali. Baba ya saki zanen, ya fito daga ramin, ya bar addar a nan ya hau tudu. Ni na ɗauko ta da yamma.

Ba su shirya a ranar ba, ba su shirya a shekarar ba. Kunnen Baffa na hagu bai sake ji sosai ba har ya rasu, tabon haƙoransa kuma yana hannun Baba. Amma kafin damina ta ɗauke, Baba ya je bakin fadama ya haƙo gindin gamba, ya jera su a kan iyaka, shi kaɗai, ba wanda ya sa shi. Hatsinmu bai kai mu rani ba. Wata safiya muka ga damman gero a jingine a ƙofar Iya, ba a ce daga ina ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta ce a sussuka a kai wa innata.

Da na je makarantar horon malamai, aka koya mana yadda abincin shuka yake narkewa cikin ruwa, yadda ƙwayar yashi take da girma har ruwa ya ratsa ta da sauri, yadda laka da ruɓaɓɓen ganye suke kama abincin su riƙe, yadda saiwar ciyawa take rage wa ruwa gudu har ya sauke abin da ya ɗauko. Malamar ta zuba ruwa cikin kwalbar yashi muna kallo. ’Yan ajinmu suna rubutu, ni ina jin ƙamshin hayaƙin kara. Darasin bai ba ni mamaki ba. Abin da na daɗe ina juyawa a raina shi ne matar da al’ada ta ɗaure wa baki, ta rasa yadda za ta ce da ɗanta kada ka kashe ƙanenka, sai ta bi ta bakin ciyawa, da hakan bai isa ba ta kai jikinta ta dasa a gurbin ciyawar.

Iya ta rasu ba ta taɓa kiran sunan Baba ba. Bara na je gonar bayan ruwan farko. Gambar ta yi kauri, ta fi ni tsawo. Na durƙusa a gefenta na tudu na sa hannu a gindinta, ƙasar wurin baƙa ce, mai laushi, mai sanyi, duk abin da ruwa ya so ya gudu da shi ya tsaya a nan. Baba ya tsufa, yana bayana da sandarsa. Ya dube ni da ƙasa a tafin hannu ya ce, “In kin gama ki mayar. Nan wurin zamanta ne.”